Kula da Bakin Yaro Tun Kafin Famfara

Ya ku iyaye da ƴan kasuwa na Paraku da Jugu da Partago da ƙauyukan da ke kewaye da su, wannan takarda taku ce. Da yawa daga cikinku kuna fita neman abinci tun da sassafe, wasu zuwa kasuwar Arzeke, wasu zuwa babbar kasuwar Jugu, wasu kuma su kama hanyar Malanbil ko Nikki ko Kara su kwana biyu ba su dawo ba. A tsawon wannan lokaci yaro yana hannun wani: kakarsa, ko yayarsa, ko maƙwabciya, ko malamar makarantar reno, ko kuwa yana zaune a gindin rumfa yana karɓar abin da masu wucewa suka miƙa masa. Abin da ke shiga bakinsa cikin waɗannan sa'o'i shi ne zai gyara haƙoransa ko ya ɓata su. Saboda haka muna roƙon ku karanta, ku kuma karanta wa duk wanda kuke bar wa yaranku.

Amfanin haƙoran nono

Yaro yakan fara fitar da haƙori yana da kimanin wata 6, kuma kafin ya cika shekara 3 haƙoran nono guda 20 sun kammala fitowa. Mutane da yawa sukan ce ba komai idan sun lalace, tunda ai zai yi famfara wasu su fito. Wannan magana tana cutar da yara. Famfara takan soma ne wajen shekara 6, da haƙoran gaba, amma turamen ciki ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Turmin da ya ruɓe yaro yana da shekara 3 zai iya damunsa shekara bakwai ko takwas kafin lokacin faɗuwarsa ya yi.

Da waɗannan haƙora yaro yake tauna doya da nama da masara. Idan suna ciwo sai ya guje wa abinci mai tauri, ya koma koko da shayi, jikinsa ya rame, barci ya gagare shi da dare, ku ma ya gagare ku. Da su kuma yake koyon furta kalmomi daidai. Bayan haka kowane haƙorin nono yana riƙe wa na girma gurbi ne, kamar yadda maƙwabci yake riƙe wa mai tafiya wurin shimfiɗa kaya a kasuwa. In aka cire shi kafin lokaci, na kusa da shi sukan matso su cike gurbin, sai haƙorin girma ya fito a karkace. Ƙurjin da ya taru a gindin ruɓaɓɓen haƙorin nono yana iya taɓa haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashinsa cikin dasashi.

Akwai kuma wani abu da iyaye kan manta. Wajen shekara 6 wasu manyan turame huɗu sukan fito can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Waɗannan na girma ne, babu wasu bayansu. Sau da yawa akan ɗauka na nono ne, a bar su su ruɓe.

Matsalar ta game duniya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 suna fama da ruɓewar haƙoran nono. Ga shi kuwa cuta ce da ake iya karewa da abin da bai fi ƙarfin talaka ba.

Yadda haƙori ke ruɓewa

A gida akan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙwayoyin cuta ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune cikin farar dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori kusa da dasashi. Abincinsu sukari ne. Duk lokacin da yaro ya sha zaƙi, sai su ci su fitar da wani ruwa mai tsami, shi kuma ya riƙa zaizaye farin ɓawon haƙori na kimanin rabin sa'a. Daga nan yawu yakan wanke tsamin, ya mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa.

Gyaran yawu yana bukatar lokaci. Yaron da ya sha alewa ɗaya bayan abincin rana, bakinsa zai huta ya warke. Wanda kuwa ake ba minti da hantsi, biskit da azahar, zobo da la'asar, cingam da magariba, haƙoransa suna cikin tsami wuni zubur. Don haka yawan lokutan shan zaƙi yana da haɗari kamar yawan zaƙin kansa. Da dare kuma yawu yakan ragu ƙwarai, shi ya sa zaƙin da yaro ya kwana da shi a baki ya fi kowanne ɓarna. Ɓawon haƙorin nono bai kai na babba kauri ba, cikin ƴan watanni sai ya huje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alamar farko ba ta ciwo. Sau ɗaya a wata ki zaunar da yaro inda akwai haske, ki ɗaga leɓensa na sama ki duba haƙoran gaba a daidai inda suka haɗu da dasashi. Idan kin ga wani farin layi ko tabo kamar alli, ruɓa ta soma, amma har yanzu ana iya tsayar da ita da wanke baki da rage zaƙi. Idan tabon ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, ko ya zama kogo, sai a nemi ma'aikacin lafiya.

Zaƙi a gida da kasuwa

Kasuwa wuri ne na zumunci, kuma wanda ya ga ɗan maƙwabciyarsa yana kuka ba ya rasa minti na dala biyar da zai ba shi. Niyya kyakkyawa ce. To amma yaron da ya wuni a layin ƴan tebur yana iya karɓar irin wannan kyauta daga hannu biyar ko shida, ba tare da mahaifiyarsa ta ƙirga ba. Ki sanar da abokan zamanki cikin ladabi cewa ɗanki ba ya shan alewa tsakanin abinci. Wanda ke son yi masa alheri ya ba shi ayaba ko lemo ko dafaffen ƙwai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, in ma an sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. A Ingila hukumomin lafiya sun ƙayyade wa yaro mai shekara 4 zuwa 6 giram 19 a rana. Ƙaramar kwalbar lemo mai gas ɗaya tana iya ɗaukar giram 35, kusan rabon kwana biyu ke nan. Yaron da bai kai shekara 2 ba, kada a ƙara masa sukari a komai.

Ku lura da wuraren da sukari ke ɓuya. Madarar gwangwani mai kauri da ake zubawa a shayi da burodi kusan rabinta sukari ne, kuma ba abincin jariri ba ce. Koko da kunu da fura ba su da laifi, cokulan sukarin da ake antaya musu ne matsala. A riƙa rage shi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku, harshen yaro zai saba. Zobo da lemon citta da ƙanƙarar leda, da tuwon madara da alkaki da nakiya, a bar su ga ranar biki ko a ba yaro tare da abinci, sannan a bi da ruwa. Zuma ma sukari ce a wurin haƙori, kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma ko kaɗan, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai shanye jikin jarirai.

Ƙasarmu ba ta rasa abin da zai maye gurbin alewa ba. Wagashin Fulani da nono da kindirmo marar sukari suna da sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Ga awara, ga wake, ga dafaffiyar doya da dankali, ga gwanda da mangwaro a lokacinsu, ga miyar zogale. Gyaɗa a niƙa ta ga ƙananan yara, don guda-guda tana iya shaƙe su.

Nonon uwa zalla har wata 6 shi ne mafi alheri, a kuma ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Abin gudu shi ne kwantar da yaro da bulumboti cike da shayi ko madara mai sukari ko lemo. Ruwan yakan taru a bayan haƙoran gaba na sama har gari ya waye, su ne kuma suke fara baƙi su gutsure. Daga wata 6 a soma koya masa sha da kofi, in ya shekara a raba shi da bulumboti. Haka nan a guji tauna wa yaro abinci a ba shi, ko lasar cokalinsa, domin ta nan ƙwayoyin ruɓa ke tashi daga bakin babba su koma na yaro.

Yadda ake wanke baki

Kafin haƙori ya fito, a naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, a jiƙa shi da ruwa mai kyau a goge dasashin jariri. Ranar da haƙorin farko ya ɓullo, ranar ce za a soma amfani da ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid. Wannan sinadari yana ƙarfafa ɓawon haƙori, yana kuma taimaka wa yawu wajen gyara inda tsami ya ci. Muhimmancinsa ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man goge baki mai fulorayid cikin jerin magungunan da ba a yi sai da su a shekarar 2021. Lokacin saye a duba jikin kwali, za a ga lamba tare da haruffan ppm. Abin da ake so shi ne 1000 zuwa 1500. Wanda babu lamba a jikinsa, ko aka rubuta 500, a bar shi. Ku masu shaguna da ke saro kaya daga Kwatano ko Najeriya ko Togo, ku ma ku duba wannan lamba da ranar lalacewa kafin ku saro.

Yaron da bai kai shekara 3 ba, a shafa masa man daidai ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 zuwa 6, daidai ƙwayar wake ƙarama. Da wannan awo, ƙaramin tulu ɗaya yakan yi watanni. A goge sau biyu a rana, na minti biyu: da dare kafin barci, da kuma wani lokaci da rana. Na dare shi ne wanda ba a tsallakewa, kuma bayansa ba a cin komai sai dai a sha ruwa. A bi haƙora ciki da waje da saman turame, a kai buroshi har bakin dasashi a hankali. In an gama yaro ya tofar, kada ya kurkure da ruwa, domin ɗan man da ya rage shi ke ci gaba da tsaron haƙori. Kada kuma a bar shi ya riƙa lasar man ko haɗiye shi.

Hannun yaro ba ya iya wannan aiki da kyau sai ya kai wajen shekara 7. Kafin nan babba ne zai goge masa, ko ya bar shi ya gwada sannan ya maimaita. Hanya mafi sauƙi ita ce ki zauna a tabarma, ki kwantar da kansa a cinyarki, yadda za ki ga cikin bakin sosai. Kai ma maigida, ranar da uwargida ta yi dare a kasuwa, aikin naka ne.

Aswaki gadonmu ne, kuma yana cire dauɗa idan an iya amfani da shi, ko na darbejiya ne ko na wani icce. Sai dai ba ya ba haƙori kariyar da man fulorayid ke bayarwa, kuma mai tauri yana iya ji wa dasashin ƙaramin yaro rauni. Yaron da ya tasa ya yi aswaki da rana, ya goge da man da dare. Gawayi da toka da yashi suna kankare ɓawon haƙori, kada a sa wa yaro su.

Ga masu reno da malaman makarantun ƙananan yara

Ku da kuke tsare yara goma ko talatin a wuri ɗaya, ko a gidan reno ne, ko ajin share fage, ko Islamiyya, kuna da damar da iyaye ba su da ita, domin yaro yana son yin abin da ya ga tsaransa suna yi. An gwada wannan a ƙasar Sikotilan, inda aka shimfiɗa tsarin goge baki kullum a makarantun reno ƙarƙashin kulawar malamai, wanda daga 2006 ya shiga cikin shirin da ake kira Childsmile. A 2003 kashi 45 cikin ɗari ne kawai na yara masu shekara 5 a can ba su da alamar ruɓa. A 2020 adadin ya haura kashi 70. Kayan aikin su ne buroshi da man goge baki da malama mai kula, kuma duk ana samun su a Paraku da Jugu.

Ga yadda za a tsara. Kowane yaro ya kasance da buroshinsa, a rubuta sunansa ko a ɗaura masa zare mai launi. A huda katako ko kwali a jera su a tsaye, kawunansu a sama, kada su taɓa juna, a wurin da iska za ta busar da su, nesa da ƙuda da makewayi. Kada a matsa man kai tsaye daga tulu zuwa buroshin yara bi da bi. A ɗiga rabon kowa daban-daban a kan faranti mai tsabta, kowa ya ɗauka da buroshinsa. A tsayar da lokaci guda kullum, yara su wanke hannu da sabulu, su goge tare, su tofar a rami ko bokiti. A ɗauraye kowane buroshi shi kaɗai. A canja shi bayan wata 3, ko da zarar gashinsa ya baje. Goge bakin makaranta ba ya ɗauke na dare a gida.

Tsakanin abinci, ruwa kaɗai za a ba yara. Ku daina saka wa mai ƙoƙari da alewa, yabo a gaban tsara da tafi sun ishe shi. Ku zauna da iyaye da masu talla a ƙofar makaranta ku yi shawara a kan abin da za a riƙa sayarwa. Mai tallar minti za ta iya sayar da ayaba ko ƙwai ko awara ba tare da ta rasa cinikinta ba. Ke kuma uwa, kafin ki damƙa ɗanki ga mai reno, ki tambaye ta abin da take ba yara idan sun yi kuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fitar haƙori da maganin tebur

Yaro mai fitar da haƙori yakan yi dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Shafa masa dasashi da yatsa mai tsabta yana sauƙaƙa masa. Zazzaɓi mai zafi da zawo da amai ba aikin haƙori ba ne. Sau da yawa zazzaɓin sauro ne ko wata cuta, kuma yaran da aka ce haƙori ne aka zauna da su a gida sukan galabaita kafin a kai su asibiti.

Ku yi hattara da ruwan maganin haƙori da ake shigowa da shi ta iyaka. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara 84 sun rasu a Najeriya bayan an ba su wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa mai kashe ƙoda. Kafson tetarasaikilin da ake ɓarewa a zuba wa yara a koko yana rina haƙoran girma tun suna cikin dasashi, rinin da ba ya fita, shi ya sa ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Kada a cusa asfirin ko taba ko kanwa ko ruwan batir a kogon haƙori, suna ƙona nama ne kawai. Kada kuma a kai yaro wurin mai cire haƙori a kasuwa, domin ƙarfen da ba a dafa ba yana yaɗa ciwon hanta da sauran cututtukan jini.

Zaizayar baki

Akwai wata cuta da ya wajaba kowa ya san ta, ita ce zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma. Ta fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda suka rame don ƙarancin abinci, ko waɗanda ba su daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin sauro ba. Takan soma da dasashi mai ja da zubar jini, sai gyambo da wari mai tsanani daga baki, sai kunci ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki sai wani baƙin tabo ya bayyana a kunci, naman ya mutu ya zube. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe tara cikin yara goma da ta kama. Waɗanda suka tsira sukan rayu da rami a fuska, ci da magana su yi musu wuya.

Ba aikin iska ba ce, ba kuma a ɗaukar ta daga wani. A matakin farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin masu wannan cuta tun 1999, inda ake yi wa yara aikin gyaran fuska, kuma a watan Disamba na 2023, bisa jagorancin Najeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Aikin gyaran fuska yana ɗaukar watanni ko shekaru, maganin farko kuwa na ƴan kwanaki ne. Allurar rigakafin ƙyanda a wata 9, da kwana cikin gidan sauro, da duba bakin yaro kullum idan yana jinya, su ne garkuwarsa.

Lokacin zuwa asibiti

A kai yaro a ranar, ko da ranar kasuwa ce, idan kuncinsa ko ƙasan haɓarsa ya kumbura, ko yana da zazzaɓi tare da ciwon haƙori, ko dasashinsa yana jini da wari, ko ya kasa buɗe baki ko haɗiya. A kai shi cikin mako idan an ga kogo, ko ƙurji a dasashi, ko yana tauna da gefe ɗaya. A fara da cibiyar lafiya mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, zuwa asibitin Ordre de Malte da ke Jugu ko babban asibitin jami'a na Borgu da ke Paraku. Ƙaramin kogo ana iya cike shi ko a shafa masa maganin da zai tsayar da ruɓar, kuma kuɗinsa bai kai na jinyar kumburi da kwanakin da za a yi rumfa tana rufe ba.

Idan yaro ya faɗi haƙorin nono ya fita, kada a mayar da shi, don zai iya lahanta na girma da ke ƙasa. A danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a kai shi a duba. Idan kuwa haƙorin girma ne, a riƙe shi ta farin kansa, kada a taɓa saiwar, a sa shi cikin madara marar sukari, a garzaya asibiti kafin sa'a ɗaya ta wuce, domin ana iya dasa shi ya kama.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba goge baki yana da shekara 2 ba zai bukaci tuni ba yana da shekara 10. Yau da dare, kafin ku kwanta, ku ɗaga leɓen kowane yaro a gidan ku duba. Gobe kuma, idan za ku miƙa shi ga mai reno, ku haɗa mata da buroshinsa, ku gaya mata abin da kuka karanta a nan. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.